Kwafin Ranar Juma'a

Lokacin da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, ba ma'aikatu kaɗai suka taso ba. Duk kamfanin da ke cin abinci a gindin gwamnati sai da ya biyo ta, ko yana so ko ba ya so. Lauyoyi, masu zanen gini, masu awon filaye, masu sayar da tikitin jirgi, kowa ya zo ya kama ɗaki biyu ko uku ya kafa allo a ƙofa. Da yawansu sun taho da kwamfutocinsu a bayan manyan motoci, an nannaɗe su da barguna, amma ba su taho da masu gyara ba. Masu gyaran sun ce su ba za su bar Legas su zo daji ba. A wannan gurbin ni da abokina muka samu abin yi.

Tare muka yi karatu da shi a Zariya, tare muka yi shekara biyu a Kaduna muna yi wa wani mutum aiki, shi yana shan yabo mu muna shan faɗa. Da muka gaji muka haɗa jakunkunanmu muka taho. Ɗaki ɗaya muka kama a Wuse, a saman shagon wani Bakano mai sayar da takardu da biro. Kamfani ne mai rajista, har da hatimi, amma ma'aikatansa kaf mu biyun ne. Kayan aikinmu jakar fata ce mai ɗauke da sukundireba da mita da burushi da kwalin faya-faye. Mota ba mu da ita. Tasi muke shiga, irin mai kore da farin nan, kwamfutar mutane a kan cinya, direba yana ta mitar za mu yaga masa kujera. Tarho ma na Bakanon ne. Idan an kira mu sai ya leƙo ƙasan bene ya ce, "Injiniyoyi, wani ya sake ɓata abinsa."

Yarjejeniyar shekara muke yi da kamfanoni. Mukan zaga kowanne sau ɗaya a mako, in kuma abu ya lalace a kira mu. Gaskiyar magana, rabin kiran ba na gyara ba ne. Ka taso tun daga Wuse cikin rana ka tarar mai shara ce ta zare waya ta jona butar shayi. Ko takarda ta maƙale a firinta an sa wuƙa ana sakata. Ko oga ya yaye ƙyallen da ke rufe da kwamfutar teburinsa, wadda bai taɓa kunnawa ba tun da aka saya, don yau yana da baƙi, ta kuma ƙi tashi. Ni ina da saurin fushi, wannan ban taɓa musu ba, kuma a shekarun nan ina ganin duk wanda bai san kwamfuta ba da saura ya zama cikakken mutum. Shi ya sa abokina ke yin magana da mutane, ni ina yi da injuna.

Babban abokin cinikinmu wani kamfanin awon filaye ne. Ana ta yanka unguwanni a lokacin, aiki ya yi musu yawa. Ogan reshen Bakatsine ne da ya shekara ashirin a Legas, Hausarsa duk ta cakuɗe da Turanci. Mutum ne mai tsawa, amma ba mugu ba, kuma shi ya haɗa mu da wasu kamfanoni uku da bakinsa. Ma'aikatansa sukan fita daji da safe su dawo da littattafan awo cike da lambobi. Duk wannan sai ya bi ta hannun mutum ɗaya kafin ya zama rahoton da za a kai ma'aikata, wato mai buga musu takardu.

Madam muke ce mata. 'Yar Gbagyi ce daga wajen Bwari, a Kubwa take zaune. Ta haife ni a shekaru, amma Injiniya take kirana, har da ɗan rusunawa. Mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya uku a makaranta, albashin nan shi ne riƙon gidan. A kan tafireta ta koyi aiki tun tana budurwa, kuma da aka kawo kwamfuta ba ta yi gardama ba, ta zauna ta koya. Ba ta kallon yatsunta in tana bugu. Idonta na kan littafin awo, tana bin lambobi da rula, kuma ban taɓa jin an dawo mata da shafi don ta yi kuskure ba. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da namiji ko mace, kwamfuta ma a wurinta "shi" ne.

Abin da muke tsoro a sana'armu bai wuce mutuwar babban faifan da ke cikin kwamfuta ba, wanda duk aikin mutane ke kwance a kansa. Kwamfuta in ta ƙone a sayi wata. Aikin da ke cikinta kuwa ba a sayar da shi a kasuwar Wuse. Maganin kawai a riƙa kwafe aikin a kan ƙananan faya-fayen nan masu kusurwa huɗu da ake zura mata a baki, a ajiye su a wani wuri daban. Kwafin ajiya muke ce masa, kuma ranar Juma'a na sa a riƙa yi, don a rufe aikin mako.

Sai dai Abuja ta wancan lokacin ba garin kowa ba ce. Juma'a da hantsi za ka ga ofisoshi sun fara zubewa. Mai iyali a Legas ya nufi filin jirgi, na Kaduna da Kano da Jos sun nufi tasha, kafin a sauko daga masallaci gari ya yi tsit. Oga kansa ba ya kai sha ɗaya. A ofishin nan Madam kaɗai ce ba ta da inda za ta gudu, don ita nan ne gida. Saboda haka ita na ɗora wa aikin.

Na sauƙaƙa mata shi iyakar iyawata. Na rubuta wa kwamfutar wani ɗan umarni, yadda kalma ɗaya Madam za ta buga, sai ita kwamfutar ta je foldar da aikin yake, ta kwashe, ta nemi faifai na gaba, har ta ce an gama. Kashi biyu na ce a riƙa yi, ɗaya a kulle a kabad ɗin ƙarfe, ɗaya ta tafi da shi Kubwa, ko da gobara ta tashi a ofis. Ba ta taɓa tsallake Juma'a ba. Takan rubuta kwanan wata a jikin kowane faifai da rubutunta mai tsabta, ta sa a leda biyu saboda ruwa, ta tura can ƙasan jakarta, sannan ta je ta yi layin bas.

Bayan kamar shekara guda faifan cikin kwamfutar ya cika. Na sayo wani babba na ƙara mata, na kwashe aikin gaba ɗaya na mayar kan sabon, na saita ta yadda duk abin da Madam ta buga daga ranar can zai riƙa sauka. Tsohuwar foldar kuma na bar ta a inda take, ban goge ba. Duk mai gyara haka yake yi. Ba ma goge abu, mukan ce a bar shi ko da wani abu ya faru, kuma muna ɗaukar wannan a matsayin hankali. Ranar ina da kira uku suna jirana. Na rufe murfi, na ɗaure sukurori, na ɗauki jakata na fita, ban gyara umarnin kwafin ba. Yana nan yana nuna tsohuwar folda.

Da na goge ta, da Juma'ar farko kwamfutar za ta yi ƙorafi ta ce ba ta ga komai ba, a kira ni, in gyara cikin minti biyu. To ban goge ba. Duk Juma'a sai ta je ta tarar da folda a wurinta, ta kwashe tsohon aiki tsaf, ta ce an gama. Ni kuma duk zagayen Litinin sai in tambaya a tsaye, "Madam, an yi kwafi?" Ta ce, "An yi, Injiniya," ta buɗe kabad ta nuna mini. In gyaɗa kai in wuce. Ko sau ɗaya ban zura faifan na ga abin da ke ciki ba, alhali wannan shi ne abu na farko da nake yi wa wasu wa'azi a kansa. Haka muka yi wata bakwai.

Wata Talata da yamma, tsakiyar damina, aka yi tsawa. Duk wanda ya zauna Abuja ya san irin tsawarta, tsakanin duwatsun nan. Ta biyo wayar wuta ta ƙona sitabilaiza ta wuce cikin kwamfutar Madam. Da na isa ofishin ƙaurin roba ne ya fara tarbata. Na buɗe na gwada, faya-fayen ciki duka biyun sun tafi. Oga yana ta kai da kawo a baranda, don akwai rahoton wata babbar unguwa da za su miƙa wa ma'aikata Litinin mai zuwa, aikin wata biyar.

Ba zan ɓoye ba, har wani daɗi na ji a raina. Irin ranar da mai gyara ke jira ke nan, ranar da za a san amfaninsa. Na ce, "Oga, kwantar da hankalinka. Ai saboda irin wannan muke yin kwafi. Gobe da safe aikinka zai dawo."

Washegari na ɗauko kwamfutar ofishinmu a tasi na kawo. Madam ta zo da kashin Kubwa, ta fito da na kabad, ta jera su a tebur. Oga ya tsaya a bayana, da ma'aikatan awo biyu da ba su fita daji ba. Na zura faifai na farko, na biyu, har na huɗu. Jerin fayiloli ya fito a allo, kowanne da kwanan watan da aka taɓa shi na ƙarshe. Na duba na ƙasa, na duba na sama. Mafi sabunta a cikinsu wata bakwai ke nan da buga shi. Sannan idona ya kai kan sunan foldar da aka kwaso su. Ban yi daƙiƙa biyar ba na gane komai.

Oga ya sunkuyo ya gyara tabarau. "Ina rahoton?"

Na ce bari in gwada ɗaya kashin. Na san abin da zan gani, amma na gwada, don in samu minti goma. Abu ɗaya ne.

Sai Oga ya juya wajenta. "Madam, me kike yi duk Juma'o'in nan?"

Ta ce, "Oga, ina yi. Juma'a ɗaya ban tsallake shi ba." Ta ɗaga faifai ta nuna masa rubutunta. "Ga na makon jiya."

Ya ce, "Rubuta kwanan wata a jikin faifai ba shi ne aikin ba."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan awon ya ce, ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji, ai ranar Juma'a in kowa ya watse Allah kaɗai ya san ƙarfe nawa ake rufe ofis. Shi kuwa mai maganar tun goma yake kama hanyar Jos. Madam ba ta ko kalle shi ba.

Oga ya dafa kujerata. "Injiniya, kai ne masani. Zai yiwu mutum ya yi kwafin nan yadda ka koya masa, ya kuma fito haka?"

Na ce, "Sai na duba, Oga."

Abin da na faɗa ke nan. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, ban ce ba ta yi ba. Amma babu abin dubawa, amsar tana gabana a allo, kuma duk wanda ke ɗakin ya ji maganata a matsayin a'a. Oga ya yi tsaki ya shige ofishinsa. Madam ta tattara faya-fayenta ta mayar cikin leda.

Da rana na samu abokina wajen mai tuwon da muke ci a bayan kasuwa, na gaya masa. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai kaɗai."

"To ta tsaya a nan."

Na taso masa da faɗa, har mai tuwo ta leƙo. Na ce matar mutane za a ɗora wa laifina. Ya bar ni na gama, sannan ya yi magana a hankali, yadda ya saba. Ya ce in tuna garin nan ƙarami ne, ogogin nan duk a sahu ɗaya suke salla. In aka ji cewa kamfanin da ke koya wa mutane kwafi ya yi wata bakwai yana kwafe iska, ba wannan aikin kaɗai za mu rasa ba, har ukun da Oga ya haɗa mu da su. Ya ce matarsa ko wata biyu ba ta yi da tarewa daga Zariya ba, ya mayar da ita ya ce wa iyayenta me? Ya ce Oga tsawa ce kawai da shi, in rahoto ya fita a kan lokaci zai huce. Mu kai kwamfutoci biyu, mu zauna mu taya ta sake bugawa daga littattafan awo, kyauta, shi ke nan an rufa wa kowa asiri.

Na ci gaba da huci, amma can cikina na ji daɗi da ya faɗi haka. Abin da nake so in ji ke nan, ina dai son ya fito daga bakin wani.

Kwana huɗu muka yi muna bugu, har Asabar, har Lahadi bayan ta taso daga coci. Aka kwaso littattafan awo daga sito, wasu da busasshen taɓo a jikinsu, da tsofaffin shafukan da aka taɓa fitarwa a firinta. Ni da yatsa biyu nake bugu, abin kunya ga Injiniya. Kafin in gama shafi ɗaya ta gama uku, sannan ta karɓi nawa ta bi da rula ta fitar mini da kurakurai, ta miƙo mini. Kullum da safe sai ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Ranar Asabar ma dafaffiyar gyaɗa ta kawo ta zuba mana a takarda, na kuma ci.

Litinin da hantsi aka ɗaure rahoto aka kai. Oga ya dawo yana fara'a, ya aika aka sayo wa kowa lemo. An kawo sabuwar kwamfuta, na saita ta, na rubuta umarnin kwafi daidai, na gwada shi sau uku ba wanda ya lura. Na koma Wuse ina cewa Allah ya rufa asiri, abokina ya yi gaskiya.

Laraba na koma don in jona musu firinta, sai na tarar da wata mata daban a kujerar Madam, tana neman harafi a kan kibod da ido. Na tambayi mai gadi. Ya ce ai jiya aka ba Madam takardar sallama, ta kwashe kofinta da rularta ta tafi.

Ban ƙwanƙwasa ƙofar Oga ba, shiga kawai na yi. A tsaye na faɗi komai, sabon faifai, tsohuwar folda, umarnin da ban gyara ba. Na ce matar nan ba ta tsallake Juma'a ko ɗaya ba, abin da na ba ta shi ta yi, laifin nawa ne daga farko har ƙarshe.

Ya cire tabarau ya ajiye. "Zauna."

Na zauna.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

"Tun a ɗakin can, da na tambaye ka?"

"E."

Na zaci tsawar za ta sauko, har na shirya mata, na ma fi son ta sauko. Amma da ya yi magana muryarsa a kwance take.

"Da ka faɗa a ɗakin, da na wanke ka tas a gaban kowa, ka ji haushi kwana biyu, shi ke nan. Ita kuma da tana nan a kujerarta." Ya ce yanzu ya riga ya rubuta wa manyansa na Legas, ya faɗa musu dalili, sun sa hannu. Wadda ke kujerar kuma ƙanwar matar wani ce a ma'aikatar da ke ba su aiki, an daɗe ana roƙonsa ya sama mata wuri. "Ka ce in je in tashe ta?"

Na ce to mu ya sallame mu, tunda mu muka yi ɓarnar.

Ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba. "In sallame ku in kira wa? Ku nawa ne a garin nan? Masu buga takarda kuwa kullum da safe sai na wuce biyar a bakin get da satifiket a hannu." Ya mayar da tabarau ya jawo fayil. Ya ce abin da zai iya shi ne ya rubuta mata takardar shaida mai kyau, wadda ba za a ambaci kwafi a ciki ba. "Kai za ka kai mata. Yanzu je ka jona mana firinta."

Na je na jona firinta.

Asabar da safe na hau bas ɗin Kubwa. Ban san gidan ba, sai da na yi ta tambaya a bayan kasuwa, har wata mai sayar da doya ta gane wadda nake nufi ta nuna mini lungu. Ɗaki biyu ne a gidan haya. Na same ta a tsakar gida tana wanki, kayan makarantar yara a cikin baho. Ta goge hannu a zani, ta jawo mini benci, ta kawo ruwa a kofin silba, muka gaisa har da tambayar abokin aikina.

Na ba ta takardar. Ta karanta ta ninke ta ajiye a kan taga. Sannan na fara bayani. Na shiga zancen faifai na ɗaya da na biyu, da yadda umarni ke neman folda, ina ta jan magana, don muddin ina zancen inji ban iso wurin da ke da wuya ba. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce, "Injiniya, na gane."

Ta ce ita ma abin ya daɗe yana damunta. Aiki kullum ƙaruwa yake, amma faifai huɗu ne dai ba ya ƙaruwa. Ta ce ta taɓa tare ni a kan matakala ta gaya mini, ina sauri, na ce mata haka yake, kada ta damu. Wallahi ban tuna ba. Amma ban yi musu ba, don na san haka nake amsa wa mutane.

Na ce ta yafe mini. Na ce ta zo ta yi aiki da mu.

"Kuna da aikin bugu?"

Na ce ba mu da shi.

"To kada ka ɗauke ni saboda kunya. Wata biyu za ka gaji da ganina." Ta ce tsohuwar tafiretarta tana nan, za ta sa a gyara ta nemi inuwa kusa da kotu, masu neman a buga musu takardar rantsuwa ba sa ƙarewa. Babban yaron kuma zai koma Bwari wajen ƙaninta ya taya shi noma zuwa baɗi, in abu ya daidaita ya koma makaranta.

Ta koma kan bahonta ta ɗauko wata riga tana matsewa. Ba cikin fushi ta yi maganar ba, kamar dai tana ba ni labarin wata mata daban.

"Ka san ranar nan ban ji tsoro ba ko kaɗan. Oga yana faɗa, ni jira kawai nake ya tambaye ka. Da ya juya wajenka har na saki numfashi. Na ce to, yanzu Injiniya zai gaya musu."

Na zauna a kan bencin nan da kofi a hannu, kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba kuma har yau ba ta gama sakina ba. Da na miƙe ta ɗauraye hannu ta yafa gyale ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai da na samu bas.

Kamfanin awon filayen nan mun yi masa aiki shekara tara bayan haka, kuma Oga ya ƙara haɗa mu da wasu biyu.